Rini a Jikin Gilashi

Nas ta tare ta a ɗakin jarirai na asibiti. "Mai jego, ban da taɓawa tukuna. Sai dai ta gilashi."

Ita kuwa gilashi ba baƙonta ba ne. Aikinta ke nan a ɗakin bincike: ta walƙa wa ƙwayar rini haske, ta auna yadda ruwa ke rugowa ya rungume ta tun kafin ƙiftawar ido. Ta daɗe da sanin idan rinin ya manne a gilashi, ruwan yakan yi nawar zuwa.

Bakwaininta ya motsa a cikin kwalba, ɗan mitsitsi, fitila a kansa.

Mijinta, da ya sha jin labarin aikin, ya ce, "Wai ruwan nan naki, yakan fasa zuwa?"

Ta ɗora tafinta a gilashin. "Makara dai yake yi. Bai taɓa fasawa ba."