Gashin Dutsen Yanbu

Gashin ya sake tsirowa, kore shar, yana lilo a kan duwatsun murjanin da mijinta ya kwaso daga tekun Yanbu ya zuba a akwatin gilashi. Jiya ta tsige shi tas. Ina dutse ina gashi, in ba aikin aljani ba? Ga jaririnta a ɗakin yake kwana.

Ta sake cusa dabinon ajwa bayan duwatsun, maganin sihiri.

"Ya Satir!" in ji mijin, dawowarsa daga tafiya ke nan. "Baiwar Allah, gansakuka ce fa! Ruɓaɓɓen abu take ci."

Ta dubi kifayen da ke cikin akwatin, sun juya ciki sama. Ashe ita ke ciyar da dodon.