Gurnani a Falon Alhaji

"Ka ji shi nan, ya taso," in ji Alhaji, yana nuna manyan sifikun falonsa da baki.

Mai gyaran da aka ɗauko daga Gusau ya kasa kunne. Gurnani ne ƙasa-ƙasa, irin wanda ƙirji ke riga kunne ji. Tun azahar yake fama da kayan sautin da Alhaji ya sayo domin walimar sabon gidansa, a ƙauyensu da ke bayan Bungudu. Rasiba mai karɓo sauti na aiki, amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi na kamawa, amma sauti ya ƙi fita. Da ƙyar ya fito, sai ga wannan gurnani.

"A rufe tagogi, a kora yara waje," in ji mai gyaran. "Sai na ji inda yake fitowa."

Ya bi yadda ya saba, yana zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya cire ta hagu, gurnani na nan. Ya cire ta dama, sai ma ƙaruwa ya yi. Ya raba amfilifaya da rasiba gaba ɗaya.

"Malam, ka dai ƙona mini kaya!" in ji Alhaji.

"A kashe janareta," in ji mai gyaran.

Fanka ta tsaya, fitilun kayan suka mutu. Ya ɗora tafinsa a kan sifika, ko motsi ba ta yi.

Gurnanin bai tsaya ba. Ta bayan tagogin yake zuwa, daga ɓangaren daji. Babura ne, masu yawan gaske, kuma sun kusa.

"Alhaji," ya ce, "ina muka kora yaran nan?"