Sawun Baba a Lambu

Ranar sadakar arba'in ɗin Baba, ma'aikacin kamfani ya zo saita injin yankan ciyawarmu. Haka doka ta ce yanzu: in mai na'ura ya rasu, sai an goge duk abin da ta koya a wurinsa.

Shi injin nan, sau ɗaya yake bin mutum ya haddace hanya. Baba ne ya zagaya lambun da shi, ga ciwon gwiwa. Shi ya sa kullum da safe injin yake tafiya a hankali, ya kuma tsaya jikin katanga, inda Baba ke gaisawa da maƙwabcinmu Malam Sabi'u.

Umma na takaba, daga bakin ƙofa take kallo.

Ta ce, "Bawan Allah, ba za a bar mana shi haka ba?"

"Wallahi Hajiya ba daga ni ba ne. In ban goge ba, gobe ma ba zai tashi ba."

Ya danna wani abu. Injin ko ƙara bai yi ba.

Sai ma'aikacin ya ce, "To, wa zai shiga masa gaba?"

Yaya Nafi'u ya ce, "Saratu, je ki. Ki miƙe kawai, kar ki ɓata wa mutum lokaci."

Na shiga gaba, injin na bina. Na rage sauri kamar mai ciwon gwiwa. Da na iso katanga na tsaya, sai na ga ban san tsawon gaisuwarsu ba. Na ɗaga ƙafa zan wuce.

Umma ta ce, "Dakata tukuna. Ai sai ya tambayi jikokin Malam ɗaya bayan ɗaya."