Bidiyon Gonar Kamaluddeen

"Ranka ya daɗe, ba sai an rantsar da kowa ba, ina da bidiyo," in ji Kamaluddeen, yana miƙa wa Dagaci waya.

Shanun Shitu ne suka tattake masa gonar dawa a bayan Dangora, ya kawo ƙara. Tun da ya sayo ɗan jirgin nan maras matuƙi mai kyamara yake ganin duk garin jahilai ne. Ya dubi tsohon makiyayin ya taɓe baki. "Yanzu zamanin na'ura ne, Baffa, ba na sanda ba."

Shitu ya gyara riƙon sandarsa.

Dagaci ya gyara tabarau. Ga shanu a burtali suna tafiya lafiya lau. Sai hoton ya yi ta saukowa, har ana ganin ƙudajen da ke tozon wani bijimi. Bijimin ya ɗaga kai ya zabura, garken ya bi shi cikin dawa.

"Ka gani ko, ranka ya daɗe?"

"Na ga wanda ya kore su." Dagaci ya miƙa wa Shitu wayar. "Riƙe da kyau, shaidarka ce. Shanu nawa ka ce sun karye?"