Kashin Shanu a Fuskar Delbert

Delbert na kwance rub da ciki a makiyayar maƙwabcinsa Orval, fuskarsa shafe da ɗanyen kashin shanu. Ƙudaje sun yanyame shi, amma ya daure. Orval ya ce warin mutum ke korar talotalon daji, Delbert kuwa ya rantse bana hoton talotalon da zai ɗauka ne zai ci gasar hotuna ta gunduma.

Ya wuni, ko gashin tsuntsu bai gani ba.

Ranar gasa ya tarar ana ta dariya gaban hoton da ya zo na ɗaya, wanda Orval ya ɗauka. Delbert ne a ciki kwance, ƙaton talotalo tsaye bayansa yana leƙensa.

"Orval, tsohon banza! Ashe cutata ka yi!"

"Haba maƙwabci, ina talotalo ya san wari? So nake kawai ka kwanta shiru."