Ranar da Iska ta Shanye wa Baba Gas

Ina da shekara takwas Baba ya ɗauke ni a tirelarsa. Ya yi lodin albasa a Aliero, zai sauke ni wurin kakata a Maiyama ya wuce kudu. Muna barin Jega hadari ya taso, iska ta tare mu gaba da gaba. Motar sai gurnani take amma ba ta sauri, idon Baba kuwa na kan allurar mai.

Ya ce, "Ɗiyata, miƙa hannunki waje. Mi kinka ji?"

Na ce, "Ana ture ni, Baba."

Ya ce, "To haka ake ture motar da kayanta duka. Gas ɗin da na auna don hanya, da iska muke shan shi."

Ya rage gudu, duk da haka gas ya ƙare, motar ta mutu muna hango rufin gidajen Maiyama. Ya daɗe riƙe da sitiyari bai dube ni ba. Da aka fara yayyafi sai ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ni, ya saɓa ni a kafaɗa, ya kama hanyar gidan kakata da ƙafa.

Sai da na girma na gane dukiyar mutane ya bari a bakin titi ranar, don kada in kwana a daji.