Motar Yamai

Mota ta cika a tashar Konni, wata budurwa kaɗai ake jira. Daga Yamai za ta wuce Faransa karatun digiri na biyu, kan yadda gadon jini ke zaɓa wa kowane jiki abincinsa. Mahaifinta mai ciwon sukari, wanda take auna wa tuwo tun rasuwar innarta, ya ce, "Shiga, ɗiyata. Na warke sarai."

Da ta durƙusa yi masa sallama, sai ta ga safa a ƙafarsa cikin wannan zafi, ƙudaje na bin inda ta jiƙe da ruwan gyambo.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun da lakwal ɗin can ta Faransa ta ɗauke ki karatu."

Direba ya danna oda. Tana nan durƙushe ta ce a sauko da jakarta.